Ƙafar Shiga Bayi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar auren Sanusi, abokina ɗan Maradi, a birnin Lyon, can ƙasar Turawa. Amaryarsa Nafisa a can aka haife ta, ta kuma ce a wajen liyafa ita da ango za su buɗe fili da wata rawa da ake kira salsa. Sanusi kuwa ko tafi ba ya yi daidai da kiɗa. Ya zo ɗakina a garin Montreuil in koya masa, don na taɓa cika baki cewa na ƙware (gaskiyar magana, ajin 'yan koyo na ɗan leƙa).

A salsa namiji ke jagora, kuma da ƙafar hagu yake farawa. Nan muka maƙale. Mutumin da tun yana yaro ake kwaɓarsa a kan ya fara komai da dama, ƙafarsa ba ta jin wani bayani. Ni ne amarya a wajen gwaji, yatsun ƙafata sun shaida. Da na gaji na ce, "Ka ɗauka bayi za ka shiga." Nan take ƙafar hagu ta fito da kanta.

Ranar biki ni ne mai gabatarwa. Kiɗa ya tashi, Sanusi ya ga dangin amarya sun zuba masa ido, ya daskare. Sai na hango ƙafar dama tana ɗagowa, ta nufi takalmin Nafisa. Na ce masa a hankali, "Sanusi, bayi! Shiga bayi!"

(Makirufo na hannuna, kuma a kunne yake.)

Kowa a zauren ya ji. Hajiya, mahaifiyarsa, ta miƙe: "Subhanallahi, cikinsa ne? Ku ba shi hanya mana!" Wani Alhaji har ya nuna masa ƙofa.

Shi kuwa gogan naku ya jefa hagu gaba, ya komo, ya juya amarya ba tuntuɓe ko ɗaya. Guɗa ta kaure. Ina gumi ina sunkuyar da kai, amma a raina cewa nake: ɗalibina ne wannan.

Bayan an watse Hajiya ta kira ni. "Ɗana, kai ne malamin?"

"Ni ne, Hajiya."

"Allah ya yi albarka. Amma na gaba ka ce masa fita daga masallaci, shi ma da hagu ake yi."

Tun daga ranar, kafin in ƙirƙiro dabara nakan tambayi tsofaffi ko akwai mai tsabta.