Hayaƙin Taurarin da Na Ƙirƙira

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da Dakta Nafisa ta zo makarantarmu ba, ko da kuwa na so in manta. A lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Talata Mafara, malamin wucin gadi, ina jiran shugaban makaranta ya sa hannu a takardar tabbatar da ni a aiki.

Matsalar ta samo asali ne tun zangon baya. Wata ɗaliba ta ji a rediyo cewa wata 'yar garin Janbako da ke kusa da mu tana bincike a ƙasar waje kan wani baƙin sinadari da ya cika samaniya, sai ta tambaye ni mene ne shi. Ban sani ba. Amma ni da ake kira Malam Kimiyya har a kasuwa, ina zan kai wannan kalma? Na gyara tsayuwa na ce hayaƙin taurarin da suka ƙone ne, shi ke baƙanta sama. Ban tsaya nan ba (Allah ya yafe mini), na rubuta a allo, na sa suka yi ta biyawa kamar karatun allo, har na kawo shi a jarrabawa.

Ranar da shugaba ya sanar cewa 'yar Janbakon nan, Dakta Nafisa, ta zo ganin gida kuma za ta leƙo mu, sai na shiga neman gaskiyar maganar. Na duba waya na tarar babu hayaƙi ko na ƙosai. Kwana uku ban ci abincin kirki ba, na tsorata ƙwarai. Gyara karatun yana nufin in tona kaina, don haka na yi dabarar matsorata: na gargaɗi yara cewa rashin kunya ne ɗaga hannu a gaban baƙuwa.

Ta zo, mace mai sanyin magana. Bayan doguwar gaisuwa ta bayyana cewa wannan abu ba a ganinsa sam, sai dai a gane shi ta nauyinsa, domin yana lanƙwasa hasken taurari masu nisa kafin ya iso mana. Ta ɗora gindin kofin gilashi a gaban fitilar wayarta, hasken ya koma zobe. Ta ƙara da wani ɓoyayyen ƙarfi da ke ta buɗa sararin samaniya. Ni dai ina can baya, babu addu'ar da ban karanta ba.

Sai ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa jin labarin baƙin sinadarin. Yarana sun cika alkawari, ba wanda ya ɗaga hannu. Baki ɗaya suka ɗauka, da irin muryar hadda: "Hayaƙin taurarin da suka ƙone ne, shi ke baƙanta sama!" Sau biyu, yadda na koya musu.

Dakta ta ajiye kofin a hankali. "Ikon Allah. Ni shekaru nike biɗar wanga abu, har yau ban san ko mine ne ba. Wa yar riga ni ganowa?"

Kawuna sama da hamsin suka juyo gare ni, har da na shugaba. Na miƙe na ce ranki ya daɗe, ni ne, kuma ban sani ba, ƙirƙira na yi.

"To, mun zama mu biyu da ba mu sani ba," in ji ta. "Sai dai ni da rashin sanin nike cin abinci."

Takardata ta kwana a aljihun teburin shugaba har zango guda, sai da na bi aji-aji na goge hayaƙina da bakina. Yanzu ko a kasuwar Talata na je sayen albasa, sai in ji wani ya ce, "Malam Hayaƙi, barka da rana." Na dai koyi cewa "ban sani ba" ba ta kashe malami. Wata ma har jirgi take hawa da ita, ni kuwa gudunta ya kusa raba ni da alli.