Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Tafi da Maƙalarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ban san inda zan kai ta ba, ni malamin lissafi na ofishin ƙarshen baranda nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutata, wadda ɗalibai suka raɗa wa suna Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburina, tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa tashi cikin gaggawa ba. Sai ka kunna ta, ka je ka gaisa da maƙwabta ka dawo, sannan ta buɗe ido tana huci, "fuuu." Ta sha shayi sau biyu ba da son ranta ba, ba ta riƙe ni a zuci ba.

Babban aikinta shi ne maƙalar da muka shekara uku muna rubutawa ni da tsohon malamina, Farfesa, a kan yadda ƙwaƙwalwa ke koyo daga kuskure da yadda na'ura ke kwaikwayonta. Kundin ilimi na intanet ne ya nemi mu rubuta, irin wanda ba a saka ko layi ɗaya sai masana biyu sun tantance. Idon Farfesa ya yi rauni, don haka duk Asabar nakan je falonsa, shi yana faɗa, Gwaggo tana ɗauka. Burinsa a karanta masa sunansa a kundin nan tun yana da rai.

Ciwon ajali ya fara da wani ɗan sauti, "ƙit, ƙit." Matata ta saya mini filashi, ta ce, "Baban yara, ka kwafe aikin nan a wani wuri mana." Sai na ɗauki alli na lissafa mata cewa yiwuwar Gwaggo ta mutu kafin mu gama kashi biyu ne kacal cikin ɗari. Ban kwafa ba, domin a tarbiyyarmu ba a fitar da aikin da ba a gama gyarawa ba. Ranar Talata da na koma gida jiki a sanyaye, ta dube ni ta ce, "To, kashi biyun ne suka iso?"

Ban yarda da hukuncin mai gyara ɗaya ba, na kai ta wurin na biyu. Ya kwance ta, ya shinshina, ya ce, "Malam, wannan ai ta daɗe da tafiya, kara kawai take yi maka." Tunda nake aikin nan, ban taɓa ganin masu tantancewa biyu sun yi ittifaƙi da sauri haka ba.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif, da linzamin kwamfuta wanda har yanzu yake yawo a tebur bai san abin da ya faru ba, da filashin nan sabo fil a ledarsa. Ta kuma bar gyare-gyare goma sha huɗu da mai tantancewa na biyu na kundin ya aiko tun da ya ga tsarin maƙalar kawai, duk suna nan cikin ƙoshin lafiya, suna jiran maƙalar da babu ita.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma, a saman kabad ɗin ofis, kusa da firintar da ta riga ta. Ana karɓar gaisuwa a nan. Masu zuwa da tambayar me ya sa ban kwafa ba, a yi haƙuri a zauna a gida.

Roƙo ɗaya nake yi: kada kowa ya kai ta'aziyya gidan Farfesa, bai sani ba tukuna. Makon jiya na ce masa saura ƙiris, har ya sa aka goge masa tabarau. Ranar Asabar ni da kaina zan je, da littafi da biro, in durƙusa in roƙe shi ya sake faɗa mini jimlar farko.