Rikodar Kawu Sale a Bikin Habu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin ɗaurin auren Habu a Zango ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, sai na ɗage ƙafa daga keken ɗinki na yi istigfari.

Ni tela ne a Daura. Karatuna bai wuce sakandare ba, Turancina kuma na karanta allon bakin hanya ne. Amma ina da wata cuta da ba ta cika yawa a garinmu ba, wato son kiɗan Turawa mai jita da ganguna, wanda ake kira rok. Kawuna Sale, Allah ya jiƙansa, shi ya shafa mini. Direban babbar mota ne, yana kaiwa har Agadas, kuma a can wani Bature da ya rage wa hanya ya bar masa kaset guda. Bayan rasuwar Kawu, ɗansa Habu da hannunsa ya miƙo mini rikodar mahaifinsa da kaset ɗin, ya ce, "Taubashi, ka fi ni sonsa, riƙe." (Sunan mawaƙan ba zan faɗa ba, alhakinsu da na ɗauka ya isa.)

Shekara ashirin rikodar nan tana kan kantar shagona. Sau uku zaren kaset ɗin ya tsinke, ina liƙe shi da jan farcen ƙanwata. In na kunna, jitar takan taso a hankali, tana gurnani kamar hadarin da ya haɗo daga gabas bai yanke shawarar zuba ba. Gangar tana tafiya irin ta raƙumin da ya sha kaya. Shi kuwa mawaƙin, murya gare shi kamar daga ƙasan rijiya. Ban san me yake cewa ba, don haka na ƙirƙira masa rayuwa. Na mai da shi dattijo ƙato mai farin gemu, zaune a bakin tekun da ban taɓa gani ba, yana kiran wani ɗan'uwansa da jirgi ya tafi da shi. Sau da yawa sai na farga allura ta tsaya, ni ina can bakin teku, mai riga yana tsaye a kaina yana tambayar ko lafiya.

Da wayoyi suka yawaita, sai aka sa ni a wani guruf na masu son irin wannan kiɗa, samari daga Katsina, Kano, har da Damagaram. Kullum musu ɗaya ne: wane albam ya fi, kuma yaushe mawaƙa kaza suka lalace. Nan na samu sarauta. Suka raɗa mini Dattijo, ni kuma na hau. Ina rubuta musu cewa mutanena a da sun san nauyi da natsuwa, kiɗan yanzu kuwa tseren babura ne. Duk waƙar da aka turo ba na buɗewa, wai waya tana kashe sauti. (Gaskiyar ita ce na fi jin daɗin yin hukunci ban saurara ba.)

Wata rana Habu ya shigo shago da murnarsa, ya ɗora waya a kan teburin yanka.

"Taubashi, na samo mutanenka. Albam ɗinsu na farko, irin na kaset ɗin Baba."

Ya danna. Sai ga wani abu yana gudu kamar an koro shi, mawaƙin yana tsala ihu da 'yar siririyar murya, ka ce an taka wutsiyar mage. Ban bari ya cika minti ɗaya ba.

"Kashe! Wannan sabon shirmensu ne, bayan sun sayar da mutuncinsu."

"Wallahi na farkon ne. Na tuna shi a gaban mota."

Wasa tsakanin taubasai ba shi da shinge, amma ranar na tsallake wanda babu. A gaban mutum uku masu jiran ɗinki na ce masa, "Kai ko kiɗan ubanka ba ka sani ba." Habu ya dube ni, ya ɗauki wayarsa, ya fita bai yi sallama ba. Wata huɗu ko gaisuwa. Katin aurensa ma ta hannun Inna ya iso, ta miƙo mini ta ce, "Ɗan ƙanina ne. Ka je ka ba shi haƙuri tun ina da rai."

Na ce to. Sai na sayi sabon batir, na ɗaure rikoda a bayan babur. Shirina shi ne na nuna masa gaskiya a gaban jama'a, sannan na yafe masa. Ka ji fa.

Damina ce, gero ya yi kore shar tun daga Daura har Zango, ni kuwa ina tafe ina tsara jawabin nasara. Bayan la'asar abokan ango suka baje tabarmi a gindin bedi, cikinsu har da mutum huɗu 'yan guruf ɗinmu da ban taɓa gani ido da ido ba. "Dattijo ne! Dattijo ya iso!" Kaina ya ƙara girma. Habu ya ba ni hannu, bai dube ni ba.

Na ajiye rikoda a tsakiya na ce, "Yau za ku ji asalin abin." Na danna. Hadarina ya taso, raƙumina ya miƙe. Na lumshe ido, har na fara jin iskar teku.

"Ɗan nan, rikodarka tana jan ƙafa."

Na buɗe ido. Wani tsoho ne a tabarmar gefe, Baba Lawal, ƙanin mahaifin amarya, mai gyaran rediyo daga Mashi.

"Baba, haka kiɗan yake. Nauyi ke nan."

"Ni ban san kiɗan ba, amma na san bel in ya saki. Miƙo."

Kafin na yi musu ya zaro sukundireba daga aljihun gaba, ya buɗe bayanta. Ya taɓa 'yar robar da ke juya kaset, ta tsinke a hannunsa kamar dafaffiyar taliya. Ya laluba wata 'yar jaka ya sa sabuwa, ya rufe, ya danna.

Magen nan ce ta fito. Ita ce dai, da ihunta da gudunta. Wani ɗan Kano ya kunna albam ɗin farko a wayarsa ya kara kusa, suka tafi tare kamar tagwaye. Ashe bel ɗin ne yake saki kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, ni kuma kunnena yana binsa. Dattijona na bakin teku bai taɓa wanzuwa ba. Wani saurayi ne mai ƙarar murya, roba ta tsofar da shi.

Dariyar da aka yi, har mata suka leƙo ta katanga. Ɗan Damagaram yana riƙe da ciki yana cewa, "Dattijo, ashe kai ne ka canja sauti!" Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Habu ya matso kusa da rikodar, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a hankali, "Haka yake a gaban mota. Baba yana dukan sitiyari."

Nan jawabin nasarata ya zube. Na durƙusa a gabansa, da babbar rigata da komai, na ce, "Taubashi, na zage ka a kan abin da ka fi ni sani. Ka yafe mini don Allah."

Ya share ido da hannun riga. "Na yafe. Amma hukuncinka, zauna ka ji shi har ƙarshe, gaba da baya. Kuma ba lumshe ido."

Na zauna na sha ihu na kusan awa guda, ana miƙo mini zoɓo ana yi mini sannu.

Da za mu watse na bi Baba Lawal har bakin mota, na rage murya na tambaye shi ko akwai dabarar da za a mayar da rikodar yadda take. Ya gyara hularsa ya ce, "Akwai mana. Ka yi ta kunnawa kullum, nan da shekara ashirin za ta koma."

To, ina nan ina kunnawa. Abin da na koya shi ne, kafin ka rantse cewa duniya ce ta lalace, ka fara kai rikodarka wajen mai gyara.