Ranar da Kwamfuta Ta Share Gwaggo

Jama'a, ku taya ni jaje, gwaggona ta ɓace. Ba gida ta bari ba, tana nan daram a kan tabarmarta tana faɗa da jikoki kamar yadda ta saba. A asibiti ta ɓace, a gabana, ina riƙe da jakarta.

Ga yadda aka yi. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta goya ni tun ban san hannun damana ba, ta kwana biyu tana fama da ciwo a ƙasan haƙarƙari. Da aka yi hoto a wani ɗakin gwaji na unguwa sai aka ce tsakuwa ce a matsarmama, kuma babu makawa sai an yi aiki. Na aro motar maƙwabci, na bi layin mai har rana ta take, mai sayar da man ya zuba mini kamar wanda ke ɗiga maganin ido, sannan na ɗauki tsohuwa muka nufi babban asibiti inda take da fayil tun ina saurayi.

Wanda ya san ɗakin katin nan a da ba zai gane shi ba yanzu. Da can fayiloli ne jibge har rufi, ɓeraye na kai da komo kamar su ma ma'aikata ne, amma in ka yi haƙuri, ka sha ƙura, ka yi atishawa, za a zaƙulo naka. Yanzu kuwa an share, an yi fenti, na'urar sanyi na ta huci, ga kwamfuta guda a tsakiya tana ƙyalli. Na ce a raina, kai, ashe ci gaban da ake ta faɗa a rediyo nan ya sauka.

Na miƙa wa ma'aikaciyar da ke bayan gilashi katin Gwaggo. Ta danna, ta sake dannawa, ta ɗago.

"Baba, wannan lambar ba ta da kowa."

Na ce, "Ga mai ita nan tsaye a bayana."

Ta ce, "Ni ina ganinta. Kwamfuta ce ba ta ganinta. Mama, yaushe rabonki da zuwa nan?"

Gwaggo ta gyara mayafi, ta amsa da alfahari, "Alhamdu lillahi, 'yar nan, na ma manta rabona da asibiti. Ko ciwon kai ban cika yi ba."

"To, ai matsalar ke nan," in ji ma'aikaciyar.

Ta yi mana bayani a taƙaice, don layi ya yi tsawo. An kawo sabuwar manhaja mai kula da adana bayanai. Duk fayil ɗin da ya shekara biyar ba a taɓa shi ba, sai ta ɗauka mai shi ya daina buƙata, ta goge shi da kanta ba tare da ta tashi kowa daga barci ba. Na ce to a duba na takarda. Ta dube ni kamar wanda ya nemi a ɗauko masa fitilar kwai a gidan lantarki. Ashe an kwafe takardun cikin kwamfuta, sannan aka tara su a fili aka cinna musu wuta, har da taro da tafi. Wani babban mutum ne ma ya ƙyasta ashanar da hannunsa mai albarka, aka nuna a talabijin.

Tun muna yara ake cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. To, an samu mai fushi da ita. Laifin Gwaggo ɗaya ne, ta daɗe ba ta kwanta ba.

Da a ce sunanta da shekarunta kawai suka tafi, da na yi dariya na wuce. Amma akwai abin da ya fi haka. Shekarun baya Gwaggo ta taɓa karyewa a hannu, aka shiga da ita ɗakin tiyata, aka yi mata wata allura. Nan take fuskarta ta kumbura, numfashi ya sarƙe, da ƙyar aka janyo ta daga bakin kabari. Likitan wancan lokaci ya rubuta sunan maganin a fayil, ya ja layi da jan biro, ya ce kada a kuskura a sake. Mu kuwa ba mu riƙe sunan ba, wani dogon suna ne mai karya harshe. Me zai sa mu riƙe, alhali an rubuta an ajiye?

Likitan da zai yi aikin, wani matashi mai sanyin magana, ya saurare mu har ƙarshe. Ya tambayi Gwaggo ko tana iya tuna wani abu game da allurar. Ta ce, "Ƙwarai kuwa, ɗana. Mai zafi ce." Ya yi murmushi, sannan ya ajiye biro.

"Ba zan yi canki-canki da ranta ba. Ku hau sama ku ga ko za a iya maido da fayil ɗin. In bai samu ba, sai mun yi gwaje-gwaje daga farko, kuma zai ɗauki lokaci."

Na bar Gwaggo a kan benci tana dafe da ciki, na hau bene. A can ne ofishin shugaban sashen bayanai yake, wato Mai Girma Garkuwan Bayanai, Uban Rumbu, Dodon Takardu, Allah ya ja zamaninsa. Kafet ɗin ofishin ya fi katifata laushi. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, domin da alama ya daɗe bai samu wanda zai yi wa lacca ba.

"Malam, ka zo a daidai. Ka san bayanai kamar ɗan Adam suke. Ana haihuwarsu, su yi rayuwa, su tsufa, su mutu. Mu aikinmu mu tabbatar sun mutu a kan tsari."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na Gwaggo sun riga ta mutuwa."

"Wannan shi ne ingancin da muke magana. Ajiye bayanan da ba a amfani da su almubazzaranci ne, kuma hatsari ne ga sirrin majiyyaci. Yanzu ka ga babu wanda zai iya satar sirrin gwaggonka."

Wallahi gaskiya ya faɗa. Sirri ya tsaru, har likitanta bai san shi ba. Garin gyaran gira an rasa ido, amma ku zo ku ga yadda girar ta yi kyau.

Na tambaye shi ko akwai abin da manhajar ba ta gogewa. Ya juyo mini da kwamfutarsa cikin jin daɗi, ya nuna mini sashen da ya kira na dindindin. Jawabin da aka yi ranar ƙaddamarwa na nan. Hotunan yanka ƙyalle na nan, ta gaba da ta gefe, har da wanda babban baƙo ya rufe ido a ciki. Waɗannan, in ji shi, tarihi ne, jikokinmu za su nema.

"To, ranka ya daɗe, fayil ɗin tsohuwa fa? Ba a iya tono shi?"

Ya ce a ƙa'ida ana iyawa, in kwamitin maido da bayanai ya zauna ya amince. Na ce yaushe zai zauna? Ya ɗan yi tari, ya gyara hula. Ashe kwamitin ya daɗe bai zauna ba, sai manhajar ta ga babu motsi a wajensa, ta goge shi, da sunayen mambobin da takardar da ta kafa shi.

"Ka ga ba ta da son kai," in ji shi. "Babba da yaro duk ɗaya ne a wurinta."

Kafin in fita ya kwantar mini da hankali. Ana shirin inganta manhajar, za a sayo wata sabuwa da za ta riƙa tuna abin da wannan ta manta. Shi da tawagarsa ma suna haramar tafiya ƙasar waje su koyo yadda ake kunna ta. Na yi masa fatan sauka lafiya, na roƙe shi kada ya daɗe, kar ya dawo ya tarar an goge shi.

Da yamma na zauna a shagon mai askin unguwarmu, mutumin da bai taɓa rasa ra'ayi a kan komai ba. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya tsayar da injin aski a tsakiyar kan wani bawan Allah.

"Tsaya, tsaya. Kana nufin in mutum bai yi ciwo ba sai a share shi?"

"Haka aka ce."

"To ni da rabona da asibiti tun ranar da aka haifi babban ɗana? Ashe na daɗe da rasuwa ban sani ba!" Ya juya ga mai rabin askin. "Kai ma ka je ka duba, kada in gama aski ashe babu kowa a kujerar."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida dariyar ta tsaya a bakin ƙofa. Makonni aka kwashe ana gwaji, a ɗiga wannan a fata a jira, a ɗebi jini a aika wani wuri a jira. Ciwon kuwa bai san jira ba. Gwaggo da ke tashin gida da faɗa ta koma ba ta iya gama loma uku. Maiɗakina ce ke dama mata ruwa-ruwa tana ba ta a cokali. Wata rana na shiga na same ta ta haɗa kai da gwiwa, gumi na tsatstsafo mata, ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, in na tafi, ka ce musu kada su wahalar da kansu, sun riga sun share." Na fita tsakar gida na tsaya ina kallon igiyar shanya.

Allah cikin ikonsa, aka gano maganin da jikinta ba ya so, likita ya kauce masa, aka yi aiki lafiya. Ya kawo mana tsakuwoyin a 'yar kwalba, Gwaggo ta ƙare musu kallo ta ce a ba ta abinta, ba ta yarda a bar wa asibiti ajiyar komai ba. Sunan maganin kuwa yanzu duk gidanmu an haddace shi, har 'yar autata tana rera shi kamar waƙa.

An buɗe mata sabon fayil, ba shakka. Sai dai da yake manhajar ba ta san ta ba, ranar da aka buɗe fayil ɗin ita ta ɗauka a matsayin ranar haihuwa. Shekaranjiya saƙo ya shigo wayata, asibiti na taya mu murnar samun ƙaruwa, tare da tunatar da mu a kawo jaririya rigakafi. Na karanta wa Gwaggo. Ta taɓa dasashinta, ta ce, "To, haƙora dai babu, wannan sun yi gaskiya."

Ni ban ƙi ci gaba ba, kada Masu Girma su ji a salansa su ce na raina ƙoƙarinsu. Wanda ya iya ƙona ɗaki guda na takardu da ashana ɗaya ai ba ƙaramin gwarzo ba ne. Abin da na sani kawai, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka duk wanda ya hango ni a layin asibiti cikin 'yan kwanakin nan, ina tafe garau ina cin gyaɗa, kada ya ɗaga hankalinsa ya kira gida. Lafiyata ƙalau. Fayil ɗina na je gaisarwa.