Kunnen Wau da Injin Jif

"...Lafiya lau, ban da ƙarar da ka cika mana gida da ita. Gyara kake yi ko yankan akuya?"

Haka kakarmu Wau Gulsambar ta amsa gaisuwar yayana Sher Afzal, tana dogara sanda zuwa rumfa. Kwanansa tara a kan injin tsohuwar jif ta marigayi kakanmu. Ya sa fistan da ringi sababbi, ya ɗaure komai, sai taimin, wato saita lokacin da wuta ke kamawa, ya gagara, don alamar saitin da ke jikin fulin injin ta goge tun ba a haife shi ba. Ga dankalinmu buhu arba'in jibge a gona, dusar ƙanƙara ta sauko rabin dutse. In bai isa kasuwar garin Chitral gobe ba, sanyi ya cinye.

"Tsohuwa, koma gindin murhu. Nan wurin masu haƙora ne."

"Ita motar da ka sa wa sababbin haƙora, ga ta tana tari kamar ɗan taba."

"Ai sa'arki ce. Ke ma da za a buɗe ki a sauya ringi..."

"Fara buɗe kanka, a ga ko da ɗigon mai a ciki."

Ya tayar da injin. Salansa ta yi tas! tas! Kaji suka watse.

"Wutar ta makara," in ji Wau. "Kamar kai da sallar asuba."

"Ke da sai an yi ihu kike jin sallama?"

"Taka ce ba na son ji. Shekara talatin ina gane muryar motar nan tun daga gada. Tana shan kwana nake ɗora shayi, kakanka na shigowa yana tafasa. Murɗa abin nan."

"Sunansa distiribita."

"Ko Gwamna ne sunansa. Murɗa!"

Ya sha kunu, amma ya sassauta noti ya murɗa. Ni dai ina ta cusa dariya a mayafi.

"Ƙara. Kai, ka zarce! Ba ka ji tana ƙwanƙwasa ba? Hannu kamar na mai faskare. Dawo kaɗan. Kaɗan... Tsaya!"

Injin ya kwanta luf, yana tafiya sumul. Wau ta juya fuska wajen gada. Wallahi sai da tausayinta ya kama ni.

Sher Afzal ya ɗaure noti, ya ja motar ya hau tudun da ke bayan gidanmu ya dawo, ko tari babu.

"Na sallama, shugabar makanikai. Me zan sayo miki a Chitral?"

"Ba sautu zan ba ka ba. Kujerar gaba nake so."

"Dankali zan ɗauka, ba kayan tarihi ba."

"Kakanka kullum cewa yake gobe zai ɗauke ni, har aka ɗauke shi. Kai ma goben za ka ce?"

Sai ya yi dariya, ya cire hularsa ya shiga goge mata kujerar.

"Goben dai ce, tsohuwa. Amma kar ki makara."