Gwajin da Na Manta a Faifan Habboba

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko na so ma matan gidanmu ba za su bari ba. Abin da na fara gani da na shiga ɗakin Habboba, kakarmu, shi ne kwamfutar Yaya Nafisa zaune a kan matashi a tsakiyar gado, an yafa mata farin mayafi kamar amarya. Habboba ce ta yi mata wannan gata. A wurinta duk abin da ya zo garinmu Mai Wurno daga birnin Madani baƙo ne, kuma ba a ajiye baƙo a ƙasa.

Yaya Nafisa 'yar Hala Zainabu ce, ƙanwar mahaifiyata. Tana jami'a a Madani, kuma bayan la'asar za ta hau mota ta koma da kwamfutarta. A ciki akwai bidiyon bikin Yaya Usman da wasu finafinan Kano da Habboba ke so kamar ranta (ta ce su kaɗai ke yi mata Hausa ba su zuba mata Larabci a ciki ba, mu jikokinta da muka tashi cikin Larabawa take nufi). Habboba kuwa na'urar faifai gare ta da tsohuwar talabijin. Dole a juya finafinan zuwa irin da na'urar ke karantawa, sannan a zuba su a faifai. Yaya Nafisa tun safe take fama, aikin yana kaiwa rabi sai allon ya yi baƙi. Ga mai lalle ta iso, hannayen Yaya Nafisa duka biyu sun shiga lalle.

"Ke kika zo ta ɗaya a darasin kwamfuta, ko?" ta tambaye ni, hannaye a sama kamar mai addu'a.

Na gyaɗa kai. (Na zo, amma a takarda. Kwamfutar makarantarmu malam kaɗai ke taɓa ta, mu daga nesa muke gaisawa.)

"To ga ki ga ta. In na tafi ba a gama ba, ke za ki yi wa Habboba bayani."

Suka fita rumfa suka bar ni. Na kunna, na sa aikin, layin kore ya fara jan ciki, ya kai rabi, ɗif. Na sake, ɗif. A karo na gaba sai na kasa kunne, na ji kwamfutar na huci kamar Hala Zainabu in ta hauro daga bakin kogi. Na zura hannu ƙarƙashinta, zafi kamar kaskon kisra, gurasarmu ta dawa. Ashe matashin da mayafin ne suka toshe mata hanci. Gatan Habboba ke sumar da baƙuwa.

Na cire matashin, na kifa kofunan jabana, gahawarmu mai citta, a kan tebur na ɗora ta a kai, na ɗauko mafici. Murna ta fara hawa mini kai. Sai na tuna malam ya ce in aiki ya ƙi, a gwada da ƙaramin abu tukuna, a gane ko fim ne ya lalace ko na'ura. Babu ƙaramin bidiyo a ciki, amma akwai kyamara, kuma babu kowa a ɗakin.

Ya kamata ku san a gidanmu Mai Shiru ake ce mini. In baƙi sun zo bayan ƙofa nake komawa. Abin da ba su sani ba, daga bayan ƙofa ana ganin komai. Na danna, na ce, "Gwaji ne." Da a nan na tsaya da lafiya. Amma sai na ɗauki kofi na yi Hala Zainabu: ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta ce citta ta yi yawa, sannan ta miƙa a ƙara mata. Na yi Inna Hauwa maƙwabciyarmu, da ke tambayar lafiyar kowa har awaki alhali idonta na kan farantin dabino. Daga ƙarshe na yafa mayafin na yi Habboba tana kallon fim, yadda take ja wa kanta lulluɓi da zarar namiji ya fito a allo, tana cewa, "Kada ki yarda da shi, ɗiyata, maƙaryaci ne."

Gwajin ya juyu lafiya lau. Na jera finafinan a layi a ƙarƙashinsa, na yi ta fifita har hannuna ya sage, layin kore ya wuce rabi, ya kai ƙarshe. Faifai ya fito da ɗuminsa. Na yi rawa ni kaɗai a ɗaki. Yaya Nafisa ta sumbaci goshina ba ta taɓa ni da lalle ba, ta kama hanyar Madani.

Habboba ta aika a kira matan gida da maƙwabta. Aka fito da talabijin rumfa, aka dafa jabana, aka zaunar da ni kusa da Habboba kamar wata likita. Hala Zainabu ta karɓi kofinta, ta shinshina, ta ce, "Citta ta yi yawa."

Aka kunna faifai. Hancina ne ya cika allo.

"Gwaji ne," in ji hancin.

Na nemi rimot, yana ƙarƙashin cinyar Habboba. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. A allo na shinshina kofi na ce citta ta yi yawa, daidai lokacin da Hala ke miƙa nata a ƙara. Hannunta ya tsaya a sama.

"Ni haka nike yi?"

"Haka kike yi," in ji rumfa gaba ɗaya.

Inna Hauwa ta yi dariya har ta ƙware, ba ta san ita ce ta gaba ba. Da aka zo kanta sai ta janye hannu daga dabino a hankali. Da aka zo kan Habboba kuwa na rufe ido ina jiran mari. Sai na ji gadon da muke zaune a kai yana girgiza. Tana dariya, hawaye na zuba, ta ce, "Wagga yarinya, ashe kina da baki? Kuma Hausa tsantsa. A maido shi baya."

Aka maido. Bikin Yaya Usman sai da rana ta kusa faɗuwa aka kalle shi. Faifan ba irin da ake gogewa ba ne, kwamfuta kuma ta yi nisa.

Na koyi abu biyu: kwamfuta ba ta son matashi, kuma in ka gama gwaji ka cire shi daga layi kafin ka fara rawa. Da kowa ya watse na durƙusa kusa da Habboba na ce, "Habboba, ban ce ki jefar da shi ba. Amma don Allah in za ki kunna wa baƙi, ki fara aikena sayen citta."