Wuƙaƙen Ɗan Bala da Ragon 'Yancin Kai

"Duk ƙasar nan, daga Gazawa har Gidan Rumji, ba a haifi mutumin da ya san wuƙa kamar ni ba," in ji Ɗan Bala. "Ku a hannu kuka san ta, ni a kai na san ta. In na ji ƙarar ƙarfe daga nesa, sai in faɗa muku garin da aka ƙera shi."

Ba ranar ya fara wannan magana ba. Mutanen Gidan Kyauta, wani ƙauye tsakanin Cadawa da Agiye, sun ji ta har sun haddace, in ya ɗauko farkonta sai su ƙarasa mishi. Ɗan Bala gajere ne mai tumbi, yana da gashin baki da yake murzawa duk lokacin da zai shara ƙarya, shi ya sa ba a taɓa ganin gashin nan a miƙe ba. Asalin ilimin nasa kuwa, ya taɓa yin kwana goma sha ɗaya yana wankin kwanoni a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa a Maraɗi, kafin a sallame shi don ya fasa tangaran. A bakinsa, kwanakin nan sun zama shekara bakwai, wankin kwano kuma ya zama shugabancin madafa.

Daga nan ya kwaso ciwon tara wuƙaƙe. Da Turawa suka fara ɗaure kaya za su koma gida, boyi-boyinsu suka riƙa fito da tarkacen madafa kasuwa, Ɗan Bala ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya tara wuƙa goma sha bakwai. Ya jera su a jikin bangon ɗakinsa bisa fatar akuya, kowace da sunanta. Doguwa mai haƙora ita ce Kumandan, wato kwamanda. Wata mai sheƙi da zagayayyen baki ita ce Madam. Wata mai faɗi kamar tafin hannu ita ce Jandarma, wato ɗan sanda. Amma 'yar lelensa wata wuƙar aljihu ce mai naɗewa, mai kawuna da yawa a cikinta, wadda ya sa wa suna Buro, wato ofis, wai don kowane aiki da ƙofarsa.

Ba mai taɓa su. Matarsa Cima da guntun lauje take yankan kuɓewa, in aikin ya fi ƙarfin lauje ta aro wuƙa a maƙwabta. Takan ce duk faɗin ƙasar ita kaɗai ce macen da ke da wuƙa goma sha bakwai a gida tana yawon aro.

To, a daminar da ƙasa ta samu 'yancin kai, sai saƙo ya iso cewa wani babban ma'aikacin buro daga Maraɗi zai bi ƙauyuka yana raba sabuwar tuta, ranar Alhamis kuma Gidan Kyauta zai sauka. Mai gari Haruna ya ba da farin ragonsa da ya shekara yana kiwo, ya ce a yi wa baƙo tsire da gashi. Aikin nama a garin kuwa na Jaye mahauci ne, wani dogon tsoho marar magana, wanda ya yi shekara talatin yana fiɗa da wuƙa guda ta maƙerin garin, wadda wasi ya cinye har ta koma kamar ganyen gero.

Ɗan Bala ya ji labari, ya murza gashin baki, ya nufi ƙofar mai gari.

"Ranka shi daɗe, mutumin buro ba irinmu ba ne. Da cokali mai yatsu yake cin nama. Sai an yanka shi siriri, yadda in ka ɗaga yanka guda za ka hangi mutum ta cikinsa. In aka kai mishi irin curin da Jaye ke datsawa, gobe a Maraɗi za a ce Gidan Kyauta ba ta shirya wa 'yanci ba."

Ya ƙara da cewa ba mamaki baƙon ya naɗe tutarsa ya kai wa ƙauyen gaba. Wannan ita ce ta kama mai gari, don tsakaninsa da mutanen ƙauyen gaba akwai tsohuwar gasa tun ta rijiya. Ya aika aka faɗa wa Jaye ya huta. Jaye ya ɓare goro ya jefa a baki.

Ranar Laraba Ɗan Bala ya sauko da dukiyarsa, ya shafe kowace da man gyaɗa tun daga baki har ƙota, ya shanya su bisa tabarma a gindin rumbu, wai su sha mai su yi sheƙi. Cima ta ce da ya ɗan goga su a dutse. Ya dube ta da tausayi, ya ce ƙarfen Bature da kaifinsa ake haihuwarsa, kai shi ga dutse cin mutunci ne.

Da gari ya waye ya sa wata farar rigar masu dafa abinci da ya zo da ita daga Maraɗi, wadda tun tana sabuwa iyakarta cibiya, ya ɗaura wandonsa mai zariya, ya jera wuƙaƙen a ɗamara kamar mai shirin yaƙi. Abin da bai duba ba shi ne, cinnaku sun gano man gyaɗa kafin shi ya tashi daga barci, sun cika kube da ƙota, iyalai da dangi.

A ƙofar mai gari an kafa doguwar sanda ta tuta, makaɗa sun zo, mata na gefe da tukwane, ga ƙatuwar ƙwaryar fura da aka dama wa baƙo an rufe da faifai. Ɗan Bala ya shigo tsakiyar fili yana ƙara kamar jakin mai tallan ƙarafa, ya ɗaga hannu ya fara bayani a kan bambancin wuƙar kifi da wuƙar kaza. Bai kai ga kaza ba cinnaka ta farko ta gaishe shi a kwiɓi. Ya zabura. Ta biyu ta sauka ƙasa da nan. Ya karkace, ya buga ƙafa, ya murguɗa ƙugu. Makaɗa suka ga haka, suka ɗauka taku ne, suka bi shi da ganga. Yana ƙara tsalle suna ƙara wuta, wata tsohuwa har da guɗa. Da ya samu ya karkaɗe abin da ya karkaɗu, yana haki, sai ya shaida wa jama'a cewa haka manyan masu dafa abinci ke motsa jini kafin su taɓa nama.

Aka kayar da rago, samari huɗu suka danne. Liman Jibrilla ya naɗe hannun riga ya miƙo hannu. Ɗan Bala ya zaro Kumandan ya ɗora mishi da hannu biyu.

Liman ya juya ta, ya shafa haƙoranta da yatsa. "Ɗan Bala, rago za mu yanka, ba giginya za mu tsaga ba. Wannan ai zarto ne."

Aka ba shi Madam. Ya gwada ta a gashin hannunsa, gashi ya kwanta ya tashi lafiya. Ya gwada ta a tafin hannu, ya ce sanyinta da daɗi. Ya mayar, ya ce a ajiye ta don ranar da za a yanka tuwo, shi ma in da zafinsa.

Aka ba shi Jandarma. Wannan kam da alamar kaifi, har Liman ya gyaɗa kai. Ya ɗaga ta don ya gwada nauyinta, sai ƙotar da ta kwana tana shan mai ta sulɓe daga hannunsa. Wuƙa ta tashi sama, jama'a suka sunkuya, ta wuce ta saman rawanin mai gari ta faɗa tsakiyar ƙwaryar furar baƙo. Ƙwarya ta rabe biyu, fura ta kama hanya, kaji suka taho gaisuwa.

Mai gari ya zuba wa Ɗan Bala harara. Ɗan Bala ya yi maza ya ce waɗannan duk ƙananan ma'aikata ne, yanzu za a ga babba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da Buro.

Buro kuwa ta nuna halin sunanta, ta ƙi buɗewa a lokacin da ake bukatarta. Ya sa farce, farce ya karye. Ya sa haƙori, ya ji ɗanɗanon tsatsa. Samarin da ke danne da rago suka gaji, suka tashe shi suka ɗaure a turke, suka zauna kallo. Can wata ƙofa ta buɗe, wani murɗaɗɗen ƙarfe ya fito kamar tsutsa. Ɗan Bala ya ce wannan na zaro ɓargo ne. Ya sake ja, sai ga ɗan cokali. Ya ce na ɗanɗana romo ne. Ya sake ja, sai ga almakashi wanda ko gashin hanci sai ya yi da gaske. Sai a karo na huɗu, bayan gumi ya jiƙa farar riga, wuƙar kanta ta leƙo, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba.

Dariya ta tashi. Wani daga baya ya tambaya ko rago za a yanka da ita ko fara. Wani ya ce ba ya jin za ta iya raba goro.

Nan zuciya ta ɗebi Ɗan Bala. "Ba ta yanka? Ku buɗe idanunku."

Ya damƙo abin da ya fi kusa da hannunsa, wata igiya mai kauri, ya ja wuƙa sau ɗaya. Igiya ta rabu tsaf. Ya ɗaga guntun sama yana juyawa don kowa ya gani, yana murmushi, yana jiran tafi. Gaskiya ne, Buro tana yanka. Sai dai ɗaya bakin igiyar a wuyan rago yake.

Rago bai tsaya sallama ba. Ya ratsa ta tsakanin makaɗa, ya ture ganga, ya tsallake murhun mata, ya faɗa gonar gero da ke bayan gari, geron da ya fi mutum tsawo. Ɗan Bala ya yi ƙoƙarin naɗe Buro, ta ƙi rufuwa kamar yadda ta ƙi buɗewa, sai ya soke ta a ƙugun wando a buɗe ya bi bayan rago da gudu. Daga fili ba a ganinsa, sai geron da ke kaɗawa da ƙarar wuƙaƙe suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe aka ji wani babban fantsam, wato ya isa kududdufin da ruwan shekaranjiya ya cika.

Shi kuwa rago ya zagaya gona ya fito ta ɗaya gefen, daidai gindin bishiyar da Jaye ke zaune. Jaye ya miƙa mishi 'yar harawa, rago ya zo da kansa. Tsohon ya jawo shi fili, ya zaro 'yar siririyar wuƙarsa ya ba Liman. Kafin Ɗan Bala ya gama fitowa daga laka ya tsinto abin da ya tsinto na dukiyarsa, an yanka, an feɗe, ƙamshin tsire ya cika gari, motar baƙo kuma ta tsaya a ƙofar mai gari da jandarma guda a gaba.

Da wani ne, da ya bi ta bayan gari ya shige ɗakinsa. Ɗan Bala ya wanke fuska kawai, ya dawo fili da rigar da ta tashi daga fari ta koma kalar ƙasa. Ya tarar Jaye ya cika babban akushi da nama za a kai wa baƙo. Ya ce kai abinci gaban manya ilimi ne, ba kowa aka koya wa ba, ya fizge akushin ya ɗaga shi sama da kansa da hannu biyu, ya kama tafiyar ƙasaita.

Yana tsakiyar fili baƙo ya miƙe ya ce a fara ɗaga tuta kafin a ci komai. Jandarma ya daka tsawa, ya ce kowa ya tsaya inda yake, kada wanda ya motsa ko da yatsa har tuta ta kai sama. Gari ya yi tsit. Ɗan Bala ya ƙame a gaban kowa, akushi a sama, ya ga dama ta samu ta nuna yadda ake tsayuwar girmamawa. Ya ja dogon numfashi ya turo ƙirji, tumbi ya biyo baya.

Buro kuwa tun a gonar gero take cin zariyar wando a hankali, saura zare biyu. Numfashin nan ya ƙarasa su.

Tuta na hawa, wando na sauka, kamar igiya ɗaya ke jan su. Ya matse gwiwoyi, wando ya wuce. Ya so ya sauke akushi, jandarma ya zare mishi ido. Haka ya tsaya, riga iyakar cibiya, wando a idon sawu, ba abin da ya rage tsakaninsa da jama'ar Gidan Kyauta sai wani ɗan bante da Cima ta ɗinka mishi da buhun sukari, rubutun kamfani na nan ɓaro-ɓaro a bayansa. Mata suka toshe baki da gyale, kafaɗun mai gari na rawa, Cima ta juya ta dubi tukunya.

Da tuta ta kai sama, baƙo ya yi gyaran murya har sau uku yana kallon sararin sama, ya yi ɗan jawabi a kan sabon zamani. A ƙarshe ya tambayi jama'a ko sun gane abin da ake nufi da 'yanci. Ba wanda ya amsa, don duk wanda ya buɗe baki ya san ba magana za ta fito ba.

Jaye ya goge wuƙarsa a gefen zane ya mayar kube.

"Mun gane, ranka shi daɗe. Mu nan Ɗan Bala ya riga ku fara rabon. Da hantsi ya ba rago nasa, yanzu ga shi ya ba wando."